Inci Uku Da Muka Rage Wa Fijon Baba

Akori-kura ƙirar Fijo 404 da har yanzu suke ɗaukar lodi a Badun ba su da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu a gidanmu take, a nan Sabo. Kun dai san ta. A da fara ce, yanzu launinta yana tsakanin fari da ƙasa-ƙasa, kuma tun kafin a kira assalatu ake jin tarinta. Kwanakin nan mutane suna ta tare mu a ƙofar masallaci da wurin mai shayi, wai me ya sami giyar motar, sun leƙa sun ga sandar ta gajarce. Wasu har sun yanke hukunci cewa karyewa ta yi muka yi mata ɗori. To ba karyewa ta yi ba. Mu muka rage ta da gangan, kuma sai da aka yi kusan wata biyu ana ja-in-ja a gida kafin zarto ya taɓa ƙarfe. Tunda tambayar ta yi yawa, bari mu faɗe ta gaba ɗaya a nan, mu huta da maimaici.

Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga Micra tana tasi a gari sai an yi musu bayani. Wannan mota giyarta ba a ƙasa take tsakanin kujeru ba. A wuyan sitiyari take, sanda ce ta fito ta hannun dama, direba yana sarrafa ta ba tare da hannunsa ya yi nisa da sitiyarin ba. Motsi biyu gare ta. Akwai na jawowa wajenka ko turawa gaba, wanda da shi kake zaɓen layin da za ka shiga, akwai kuma na ɗagawa sama ko dannawa ƙasa, wanda shi ne yake sa giyar. A tamu lamba ɗaya da lamba uku suna sama, biyu da huɗu suna ƙasa. Daga gindin sandar wani dogon ƙarfe ya bi jikin wuyan sitiyarin ya gangara, can ƙasa ya haɗu da wasu ƙarafa biyu masu gaɓoɓi, su ne suke kai saƙon hannunka cikin giyabos. Saboda haka ne gaban motar ya zama benci guda ɗaya shimfiɗe, direba da mutum biyu, babu abin da ya tokare a tsakiya.

A Faransa aka fara fito da 404 a 1960, injinta mai silinda huɗu, 1618 cc, a ɗan kishingiɗe yake cikin bonet. Ƙarfinta ba labarin direbobi ba ne kawai, don ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, sai ta zama ta gida, ko'ina ka shiga akwai makaniken da ya san ta kamar yunwar cikinsa. Faransawa sun daina yin ta, amma a Kenya an ci gaba da harhaɗa ta har 1991. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi tasa hannu na biyu a zamanin Shagari, lokacin da harkar goro take harkar goro. Da ita yake kwaso huhu daga ƙauyuka, wani lokaci har Shagamu, a tara a nan kafin babbar mota ta ɗauka zuwa Arewa. Kusan duk wanda aka haifa a gidanmu a bencin nan aka kawo shi daga asibiti, kuma a bayanta aka kai kayan ɗakin 'yan matan gidan ɗaya bayan ɗaya.

Da Baba ya rasu ba a raba ta a gado ba. Aka yi mata kuɗi, aka bar ta hannun Yayanmu, shi da ya fara a matsayin yaron motar tun yana ɗan makaranta. Abin da ta samo ana cire na mai da na gyara, saura a raba gida uku: ɗakin Inna, gidan Yaya, da marayun ɗan'uwanmu da ya rasu. Goro ya ja baya, yanzu kayan gwari ne, tumatir da tattasai da albasa, daga Sasa zuwa Bodija da ƙananan kasuwannin cikin gari. Ta ga rikicin Sasa na watan Fabrairun 2021, ta yi kwanaki a ƙofar gida ba a ko tashe ta ba. Ta ga cire tallafin mai na 2023, wanda ya kwantar da motocin mutane da yawa. Duk ta wuce waɗannan. Abin da ya kusa kwantar da ita kafaɗar Yaya ce.

Wanda bai yi tuƙi da lodi a garin nan ba ba zai gane ba. Badun gari ne na tudu da gangara, kuma daga Ojoo ka biyo ta Jami'a ka wuce Sango har ka iso Mokola, in an yi sa'a ne za ka ga lamba huɗu sau uku. Ɗaya, biyu, uku, birki, a koma ɗaya. Kowace ɗaya da kowace uku sai hannun dama ya miƙe gefe ya ɗaga sama. Shekara talatin da wani abu Yaya yana wannan, sai kafaɗar ta ce ta gaji. Da farko man zafi yake shafawa yana cewa sanyi ne. Daga baya muka lura in zai sa lamba uku sai ya karkata jikinsa gaba ɗaya ya tura da gwiwar hannu. Sai kuma muka ga ko hula da hannun hagu yake sawa. Likitan ƙashi ya duba ya ce jijiyoyin da suke riƙe kafaɗar ne suka ƙwarzabu, riƙo da matsa hannu ba matsala, amma ɗaga hannu a miƙe zuwa gefe shi ne abin da za a rage, in ba haka ba wata rana ko buta ba zai ɗauka ba. Wani dattijon direba da ya zo gaishe shi ya ce da motar irin ta da ce, ta kafin a koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, ai da shi ke nan, don waɗancan sitiyarinsu yana dama, sandar kuma hagu take kallo. Aka yi dariya, amma Yaya bai yi ba.

Shawarwari kuwa sun zo kamar ruwan Agusta. Wasu suka ce a sayar a sayi ƙaramar bas ta tokumbo. Muka buga lissafi, kuɗin Fijon ba zai sayi rabin bas ba, kuma bas ɗin in ta lalace kwamfuta za a nema, alhali wannan da sifana biyu da sukundireba ake tashinta a bakin hanya. Wasu suka ce a ɗauki direba. Wannan ma mun san ƙarshensa, mun ga motocin da aka bai wa direban haya a unguwar nan, kuma kuɗin da ake rabawa gida uku ba zai ɗauki baki na huɗu ba. Ban da haka, ka ce wa mutumin da bai san wata sana'a ba sai tuƙi ya zauna a benci a ƙofar gida yana jan carbi tun bai kai sittin ba, ai ka kashe shi da ransa.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce ta autanmu, kuma ba ta banza ba ce: a mayar da giyar ƙasa. Da yawa sun yi haka. Ana huda ƙasan motar, a cire ƙarafan wuyan sitiyari, a sa sanda a tsaye irin ta 504 ta baya-bayan nan. Hannu yana ƙasa, kafaɗa ta huta. Sai dai duk wanda ya yi wannan ya rasa kujerar tsakiya, kuma kujerar tsakiya kuɗi ce. Mai kaya ba ya yarda a tafi da tumatirinsa yana baya a kan acaba, a gaba yake zama, yaron mota kuma a tsakiya. Yawancin masu ba mu lodi a Bodija matan Yarbawa ne, wasu sun haifi Yaya, sau da yawa su biyu suke haɗa lodi su shiga gaba, yaro ya hau baya. Ka ce wa Iya ta zauna sandar giya tana tsakanin gwiwoyinta, direba yana kai hannu yana ɗaukewa? Yaya ya ce shi dai ba da shi ba. Ga kuma ramin da za a huda, wanda komai robar da aka toshe shi da ita sai zafin inji da ƙura sun shigo, damina kuma ruwa.

A nan ne makanikenmu ya shigo maganar. Bayarabe ne, tsoho, shi yake duba motar tun Baba yana raye, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan Sabo. Ya sa Yaya ya zauna ya sa giyoyin ɗaya bayan ɗaya, mota a kashe, shi kuma yana tsaye yana kallon kafaɗar, ba sandar ba. Da aka gama ya ce, "Alhaji, ba giya ce take cin ka ba, nisa ne. Sandar nan an yi ta ne don mai lafiya. In ta matso kusa da kai, gwiwar hannunka ba za ta rabu da haƙarƙarinka ba."

Yaya ya ce, "To Baba, a yanke mana."

Ya ce, "Yankewa minti biyar ne. Amma ka sani duk abin da ka rage a tsawo za ka biya shi da ƙarfi."

Wannan magana kowane direba ya san ta ko da bai taɓa faɗinta ba. In notin taya ya ƙi kwancewa, me ake yi? A zura bututu a hannun sifana, a ƙara mata tsawo, sai notin ya saki cikin sauƙi. Sandar giya haka take, sai dai mu baya za mu yi. Muka auna tamu daga tsakiyar wuyan sitiyari zuwa kanta, inci 12. Daga lamba uku zuwa lamba huɗu kan sandar yana tafiyar wajen inci 8. In aka mayar da ita inci 9, tafiyar za ta koma inci 6, kuma kan zai matso ciki da inci 3, amma ƙarfin da ake bukata zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. In aka zarce zuwa inci 6, kamar yadda auta ya so don ya gani a bidiyon wasu masu gyaran tsofaffin motoci a Amurka, ƙarfin zai ninka biyu cif. Su waɗancan ado suke yi, motar da ake fita da ita ran Lahadi a zaga gari. Tamu sai ta sa giya sau ɗaruruwa kafin azahar.

Dabarar da Baba makanike ya yi ita ce ta fi burge mu a duk aikin, kuma ita muke so duk mai irin wannan niyya ya ɗauka. Bai yanke komai ba. Ya samo tef ɗin masu gyaran wuta ya naɗa a jikin sandar wuri uku, a inci 10, inci 9 da inci 8, ya yi kauri yadda hannu zai ji. Ya ce Yaya ya yi kwana uku-uku yana kama sandar a kowane tef, kada ya taɓa kan. A inci 10 kafaɗa tana ɗan ɗagawa har yanzu. A inci 8 kafaɗa lafiya lau, amma kafin la'asar wuyan hannu ya kumbura, kuma sitiyari yana tare masa yatsu in zai jawo sandar. Inci 9 ne ya zauna. Kwana tara ke nan, ba a kashe ko sisi ba, an san inda za a sa zarto.

Sai maganar ta isa ɗakin Inna. Ita ba ta san inci ba, ba ta kuma nemi sani ba. Abin da ta sani shi ne baƙin ƙwallon da ke kan sandar ya lotsa ta gefe ɗaya, ya yi sumul, kuma tafin hannun mijinta ne ya cinye shi haka. Ta ce, "Ku canza taya, ku canza inji in kun ga dama, duk kun sha canzawa ban ce uffan ba. Wannan dai hannunsa ne. Ba za a yanka shi ina raye ba." Muka ce Inna lafiyar Yaya fa. Ta ce, "Shi babban ai ya san ban ƙi lafiyarsa ba. Ku nemo wata ku yanka." Ta juya ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Kuma gaskiyarta, ko a wajen makanikai haka ya kamata a yi. Abin da ba a ƙera shi yanzu ba a yanka na jikin mota, sai a nemo na gwangwan a yi gwaji a kansa, in bai yi ba a mayar da na asali. Neman ne dai aiki. Mun yi sawu uku a kasuwar kayan mota ta Agodi Gate. Yaran shaguna in ka ce 404 sai su dube ka kamar ka ce kana neman sirdin raƙumi. A sawu na uku ne aka raka mu can ciki wurin wani dattijo da ya tara kayan tsofaffin Fijo a buhuna, ya zazzage ɗaya a ƙasa, ga sanduna har huɗu. Mun je da tamu a hannu don a gwada gindin, domin ba duka suke shiga juna ba, biyu ne suka dace. Muka ɗauki wadda ba ta yi tsatsa ba. Kuɗinta bai kai na rabin tankin mai ba.

Kafin a yanka, Baba makanike ya ce sai an biya bashin ƙarfin nan tukuna, wato a rage taurin giyar daga ƙasa yadda ƙarin kashi ɗaya cikin ukun ba zai dami hannu ba. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance ƙarafan nan biyu. Bushin ɗin gaɓoɓinsu duk sun mutu, wani ya narke, wani babu shi sam, an ɗaure wurin da waya tun wani zamani. Shi ya sa sandar take lilo kamar wutsiyar saniya, kana iya kaɗa ta inci biyu giya ba ta san ana yi ba. Ya sa mai injin gurza ƙarfe ya fere masa sababbi daga farar roba mai tauri, ya wanke dogon ƙarfen da kananzir, ya cika shi da giris, ya juye man giyabos ya zuba sabo, ya daidaita kuloci yadda zai saki sosai in an taka. Wannan ya ci yini biyu, kuma shi ne ainihin aikin. Da aka gama, tun da doguwar sandar, da yatsa biyu ake sa giya. Yaya ya ce rabonsa da jin ta haka tun Baba yana tuƙi.

Yankan kansa ba wani labari. Ta sama aka rage, ba ta tsakiya ba, don kada a yi walda a wurin da zai riƙa shan ƙarfi. Aka cire inci 3, aka goge bakin, aka yanka masa sabon zare. Sai mai walda ya gasa ta da wutar gas a daidai lanƙwasarta, aka ɗan karkato da kan wajen direba, aka bar ta ta huce da kanta ba a tsoma a ruwa ba, don in aka tsoma ƙarfen yana iya yin ƙeƙashe ya karye wata rana. Karkatarwar nan dole ce. Doguwar sandar kanta yana leƙowa ta gefen sitiyari, gajeriyar kuwa a bayan sitiyarin take ɓuya, in ba a saita ta ba ko dai yatsu su gogi sitiyari ko kan ya bugi dashbod. Sau biyu aka mayar da ita wuta kafin ta zauna, ana gwada kowace giya har da ribas. Fil ɗaya ne da ɗan sifirin suke riƙe gindin, aka mayar da su, shi ke nan.

Ƙwallon kai kuma wani makaniken ya kawo mana na roba mai ƙyalli irin na 'yan tasi, Yaya ya ce a mayar masa. Wani mai sassaƙa turmi ya fere mana na icce, ya fi na da girma kaɗan, don babban kai ya fi daɗin turawa da tafin hannu in sanda ta gajarce. Aka dasa noti a cikinsa aka ɗaura.

Wata na huɗu ke nan. Gwiwar hannun Yaya ba ta barin jikinsa, daga wuyan hannu yake sa ɗaya da uku, kuma ya koma sa hula da dama, ko da yake likita ya ce kada ya ɗauka ya warke, ya ci gaba da motsa jikin da aka koya masa, kuma ya bar wa yaro ɗaga kwando. Akwai abin da aka rasa, ba za mu ɓoye ba. Da sanyin asuba, kafin man giyabos ya yi ɗumi, lamba biyu tana da tauri, sai an lallaɓa. Kuma gajeriyar sanda tana ruɗin mutum ya yi sauri. A cikin giyabos akwai zobban tagulla da suke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, suna bukatar ɗan lokacinsu, in ka fizga za ka ji ƙarar da ba ka so, kuma zobban 404 ba a bakin titi ake samunsu ba. Baba makanike ya ce a riƙa ɗan tsayawa a firi kamar na numfashi ɗaya kafin a wuce. Yaya dama haka yake tuƙi. Ɗansa da yake koyo ne ake fama da shi, shi ya sa har yanzu ba a ba shi ita da lodi ba, sai in za a kai ta wanki.

Sandar Baba tana ɗakin Inna, an shafe ta da mai an naɗe a tsohon rawaninsa, tana cikin kabad bayan kwanukan tangaran. Mai Datsun ɗin nan na bakin kasuwa ya riga ya zo ya ga yadda aka naɗa tef ɗin, shi gwiwarsa ce sandar take bugu in ya sa lamba huɗu. Duk wanda yake da irin wannan mota yana son gani, ya same mu a ƙofar gida bayan la'asar, lokacin ta dawo daga Bodija. Guntun inci ukun da aka yanke ma bai tafi bola ba, shi ne yanzu yake sakale ƙofar bodin ta hagu, inda da ƙusa ce lanƙwasasshiya.